Gonar Si Larbi a Taswirar Zhor

Lokacin da Zhor take ƙarama, sai an hau mota daga ƙauyensu kafin a hango ganuwar Marrakesh. Yanzu birnin ne da kansa ya tako har bakin gonar mahaifinta, Si Larbi. Otal-otal na masu yawon buɗe ido sun yi wa ƙauyen zobe, kowanne da tafkin ninkaya da ciyawa kore shar, kowanne da rijiyar burtsatse mai zurfin gaske. Rijiyoyin manoma suka ƙafe. Dabinon da kakan Si Larbi ya dasa ya fara bushewa daga kai.

Abin ya tsaya wa Zhor a rai. Da ta kai ƙarshen karatunta a jami'a, shi ta ɗauka ta yi bincike a kai. Ta nemo tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama, ta gwada su da na yanzu, ta zana taswira: kore inda ake noma, ja inda gini ya ci, launin ƙasa inda shuka ta mutu. Da ta zo kan gonarsu ta daɗe tana kallo, sannan ta shafa mata launin ƙasa. A ranta ta ce gara duniya ta ga ɓarnar da aka yi musu.

Malamai suka yaba, aka buga aikin. Si Larbi ya yanka tunkiya, ya tara maƙwabta.

Ba a shekara ba aka kira mutanen ƙauyen taro. Wani kamfani yana son filin da gonakinsu suke, filin kuwa na jama'a ne, ba a karɓarsa sai in an daina nomansa. Lauyan kamfanin ya shimfiɗa taswira a kan tebur.

"Ba mu muka zana ba, Si Larbi. Duba sunan da ke ƙasa."

Zhor ta miƙe. "Ku karanta bayanin da ke tare da ita! Rijiyoyin otal ne suka shanye mana ruwa!"

"Malama, ba dalili muka zo tambaya ba," in ji lauyan. "Ana noma a wurin, ko ba a yi?"

Zhor ta koma ta zauna. Mbarek, maƙwabcinsu, wanda gonarsa ma tana cikin launin ƙasar, ya yi dariyar takaici.

"Barka, Si Larbi! Ashe tunkiyar sadakar mutuwarmu ka ciyar da mu."

A gida Si Larbi ya haɗa shayi da na'ana'a, ya zuba mata, bai dube ta ba.

"Da kika zo kan gonata, koren ne ya ƙare miki?"

"Baba, ba zan iya zana ƙarya ba."

"Ban ce ki yi ƙarya ba, 'yata. Amma gonar nan ciwo take yi, ina jinyarta, ina jiran Allah ya kawo ruwa. Ke kika fita kika yi shelar ta mutu."

Zhor ta bi ofis-ofis tana neman a hana karɓe filin, har takalminta ya suɗe. Ko'ina sai a yaba mata kyan taswirar, a ce ta dawo wani makon. Kafin kakar dabino katafila ta iso. 'Yan itatuwan da ke da sauran rai aka tono su da saiwarsu, aka jera a ƙofar sabon otal, inda ake ba su ruwa safe da yamma.

Mbarek ya koma jan raƙumi, yana ɗora baƙi suna ɗaukar hoto. Si Larbi aka ba shi ɗaki biyu a saman wani bene can bayan gari. Zhor tana zuwa duk Juma'a su ci kuskus, irin dambun ƙasarsu. Yana tarbarta da fara'a, ya tambayi lafiyarta da ta abokan aikinta, kamar yadda ake yi wa baƙuwa mai mutunci. Bai taɓa sake tambayarta abin da take zanawa ba.