An Bar Mutum a Cikin Kwaba

"Ni za ka aika gidan wasa?" in ji Gagara-Ƙasa, yana riƙe da tikitin da yatsa biyu kamar an miƙa masa kunama.

Mai Aski na kwance a gadonsa na ƙarfe, an tara masa matasai a baya don numfashi ya sami hanya. Ya gyaɗa kai kawai. 'Yarsa Auta, wadda ta baro gidan mijinta ta zo jinya, ta ci gaba da matse tsumma a cikin kwano kamar ba ta ji ba.

Duk layin nan an san Gagara-Ƙasa, wanda bai san shi ba kuwa, shi da kansa zai tare shi a hanya ya sanar da shi. Tsohon mahaƙin rijiya ne. Bai taɓa zama a aji ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Rijiya ta rufta da shi aka tono shi da ransa. Wata ta sake ruftawa, ya tono kansa tun masu ceto ba su gama shawara ba. Maciji ya taɓa saransa, kuma a faɗarsa macijin ne bai kwana ba. Sa'o'insa duk ya raka su makwanci ɗaya bayan ɗaya, ya dawo gida da ƙafarsa. Saura mutum guda, wannan da ke kwance.

Bango ne kawai tsakanin ɗakinsa da na Mai Aski tun gashin kansu na baƙi. Kowace safiya Gagara kan ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, Mai Aski ya amsa da mariƙin askarsa. Sai Gagara ya ɗaga murya ya ce ashe yau ma ƙasa ba ta ci kowa ba, amma a sani shi ne zai yi rakiya. Mai Aski ya ce ya ji, sai dai ya zo a rage masa gemu tukuna, kada ya tsorata masu zuwa gaisuwa.

Abu ɗaya ne ba su taɓa shiryawa a kansa ba. Akwai wani tsohon zaure a bayan tashar mota inda ake wasan kwaikwayo na barkwanci, kuma duk sanda aka sa sabo, Mai Aski kan rufe shago da wuri, ya sa rigarsa ta fita, ya tafi. Dariyarsa irin ta injin niƙa ce, sai ta yi tari kafin ta kama, in ta kama kuwa sai ta ja zauren gaba ɗaya. 'Yan wasan sun gane haka, shi ya sa suke aiko masa da tikiti har gida. Washegari ya zauna a bencin ƙofar gida ya kwashe labarin kaf, Gagara yana murtuƙe fuska. A wurinsa wannan ɓata dare ne. Ƙatti da gemu su yi ta shiga wata ƙofa suna fita ta wata, wannan ya faɗi, wancan ya ɗaura zanen mace, shi ke nan mutane su yi ta ƙyaƙyatawa. Wanda ya kwana a ƙarƙashin ƙasa yana sauraron ƙarar diga daga sama, ba ya bukatar a kashe masa fitila kafin ya ga abin mamaki.

"Ka je ka gano mini," Mai Aski ya ce, muryarsa kamar ana jan takarda a ƙasa. "Ka dawo ka ba ni. In bai kai a ba shi dare ba, ka ce bai kai ba, ni kuma na yarda da kai."

Gagara ya ajiye tikitin cikin kwalaben magani ya fita. Auta ta biyo shi har bakin ƙofa. Ta ce ba don sauƙi aka sallamo su daga asibiti ba, likita ya ce a kai shi gida, duk abin da ransa ke so a yi masa. Gagara ya ce haka wani likita ya faɗa a kansa lokacin da haƙarƙarinsa suka karye, kuma da shi aka raka wannan likitan. Auta ta fito da tikitin da ya bari. Ta zura masa shi a aljihu.

Da rana ta faɗi sai ga shi a ƙofar zauren, yana harare-harare kada wani ya gan shi. Mai ƙofa ya dubi tikitin, ya dube shi, ya tambayi jikin Mai Aski, sannan ya kai shi kujerar Mai Aski, ta ƙarshe a layin gaba. Hannun kujerar ya yi santsi a wuri ɗaya, inda mai ita ke bugawa in dariya ta ci ƙarfinsa.

Aka kashe fitilu, aka ja labule. Labarin wani magidanci ne da baƙi suka cika masa gida har ya rasa inda zai runtsa. Ya ce wa matarsa aiki ya tura shi tafiya, ya ce wa ubangidansa a wurin aiki yana kwance ba lafiya, duk don ya sami yini guda ya yi barci. Da gidan ya watse ya lallaɓo ya dawo. Kansa bai taɓa matashi ba sai ga sallamar surukinsa, sai ya faɗa cikin tsohuwar kwabar kaya. Surukin ya jawo kujera ya jingina da kwabar, ya shiga zagin mijin 'yarsa tun daga kan hanci har zuwa tafiya. Matar kuwa, ganin maigida ba ya nan, ta ce yau za ta rabu da wannan kwaba da ya hana ta sayarwa. Mai saye ya zo, ashe ubangidan nan ne. Aka datse kwabar da kwaɗo, 'yan dako suka ɗaga.

Zauren ya kece da dariya. Gagara bai yi ba. Da aka datse kwaɗon ma, ji ya yi numfashinsa ya gajarta, don ya san yadda iska ke ƙarewa a wurin da aka rufe. Labule ya rufe, fitilu suka dawo, mutane suka miƙe suna miƙa. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gida, ransa fari. Ai ga shi nan, abin da ya daɗe yana faɗa: labari ba kai ba gindi.

Da safe ya ƙwanƙwasa bango. Amsar ta daɗe kafin ta zo, kuma da cokali aka yi ta. Ya shiga ya tsaya a tsakar ɗakin. A gaskiya, in ana maganar ba da labari, Gagara ba kanwar lasa ba ne. Ya yi tafiyar surukin da sanda, ya yi muryar matar, ya lanƙwashe a bayan ƙofa ya nuna yadda magidancin ke toshe hanci kada ya yi atishawa. Idon Mai Aski ya kawo haske. Har Auta ta bar wanke-wanke ta tsaya a bakin ƙofa.

"Sannan?" in ji Mai Aski.

"Sannan aka rufe labule, kowa ya kama gabansa. Na gaya maka shirme ne."

Mai Aski ya ƙura masa ido. Ya tambaya ko da fitilu suka dawo mai tallan ruwa ya shigo. Gagara ya ce ya shigo. Ya tambaya ko mutane sun bar huluna da jakunkuna a kan kujeru. Gagara ya ce ya ga haka, kuma ya yi mamakin sakarcin mutanen yanzu.

Sai injin ya yi tari, ya sake yi, ya kama.

"Hutu ne, tsohon rami," Mai Aski ya ce da ƙyar, gadon ƙarfen yana ƙara a ƙarƙashinsa. "Rabin wasa ka gani. Ka baro bawan Allah a cikin kwaba."

Gagara ya ce ai ya sani, gwada shi yake yi. Ƙarshen labarin shi ne mutumin ya sa kafaɗa ya ɓalle katakon, kamar yadda shi ya yi a rijiya ta biyu. Mai Aski ya ce wanda ya ƙare rayuwarsa a haƙa bai kamata ya manta ramin ƙarya ƙurarre ne ba. Dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa. Auta ta tara masa tsumma, ta naɗe shi da sauri, amma Gagara ya riga ya ga jan da ke ciki. Ta ɗago za ta yi faɗa, uban ya riƙe hannunta. Ya ce ta ƙyale shi, rabonsa da dariya tun ranar da ya faɗi a shago.

Da yamma Gagara ya dawo ya zauna a bakin gadon. Ya kai hannu kamar zai gyara bargo, ya taɓa ƙafar. Sanyi ya hau har ƙwauri. Ya dubi hancin, ya ga ya tsuke. Wanda ya yi rakiya irin tasa ba ya bukatar likita ya fassara masa wannan. Ya jingina sandarsa da bango, ya ce yau ba inda za shi, gwiwa ta matsa masa.

Mai Aski ya buɗe ido. Maganar tana fita ɗaya-ɗaya.

"Kullum kana cika baki, ba ka taɓa barin mutum a rufe ka tafi gida ba."

"Ban taɓa ba."

"To ga wani can. Je ka fito mini da shi."

Gagara ya dubi Auta, ta kawar da kai. Ya daɗe a zaune. Sannan ya ɗauki sandar, ya ce kada wanda ya motsa daga nan sai ya dawo, kuma ya faɗa da irin muryar da yake yi wa masu riƙe igiya a bakin rijiya.

Ba shi da tikiti, amma mai ƙofa ya matsa masa ya wuce. Ya sake kallon rabin farko bai ga komai ba, hankalinsa na can kan gadon ƙarfe. Da fitilu suka dawo ya damƙe hannuwan kujerar, ko ruwa bai saya ba.

Labule ya sake buɗewa a ɗakin ubangidan. Ashe gara ta cinye bayan kwabar. Magidancin ya zame ta baya, ya lulluɓa da mayafin matar gidan, ya rakuɓe a lungu. Surukin ya biyo sawu, don ya ji kwabar ta yi atishawa a hanya. Ya leƙa ta ramin da gara ta yi, ya shige ciki. Ubangidan ya bi shi neman ɓarawo. Ɗan sandan da aka kira ya bi su biyun. Suka kama juna a cikin duhu, kowa na ihun ya kama shi. Gagara bai san lokacin da abin ya kuɓuce masa ba. Wata ƙara ce ta fito daga ƙirjinsa kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba, har ɗaya daga cikin 'yan wasan ya saci kallon kujerar. Tafin hannunsa ya sauka daidai wurin santsin nan, ya sake sauka.

A hanya bai ji gwiwa ba. Yana tafe yana bitar jerin a ransa kada ya ruɗe: suruki, ubangida, ɗan sanda. Ya shirya yadda zai yi muryar ɗan sandan. Ya kuma yanke cewa in aka tambaye shi ko wasan ya kai a ba shi dare, zai ce da dama-dama, don kada Mai Aski ya sami bakin magana.

Da ya karya kwana sai ya ga ƙofar a wangale, an fito da fitila waje, takalma sun taru a bakin ƙofa. Daga ciki ana jin kukan mata ƙasa-ƙasa. Ya tsaya a tsakiyar titi. Wani daga cikin mazan da ke kan benci ya ce wa na kusa da shi, a muryar da ya so a ji, aboki na shure-shure shi kuwa yana gidan wasa. Gagara ya bi ta gabansu ya nufi ƙofar.

Auta ta fito, idonta jawur. Ta ce bai wahala ba. Can ya tambaya ko Baba Gagara ya dawo, ta ce bai dawo ba.

"Sai ya ce, to, yau ya zauna har ƙarshen wasa ke nan. Bai sake magana ba."

Washegari Gagara ya yi rakiyar da ya daɗe yana alkawari. Da aka dawo, masu jiran su ji ya ce ga shi ya sake dawowa da ƙafarsa ba su ji ba. Ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa.

Da gari ya sake wayewa, hannunsa ya kai ga sandar tun kafin ya tuna. Ya ƙwanƙwasa. Ya zauna a bakin gado yana fuskantar bangon.

"Ya fito, Mai Aski," ya ce. "Ta baya ya fito, gara ce ta yi masa hanya."

Ya ba da labarin a tsanake, bai ƙara ko ɗigo nasa ba. Suruki, ubangida, ɗan sanda. Ya faɗi yadda magidancin ya tura kwabar ta manne da bango su ukun na ciki, ya waiga ya ga ɗakin ba kowa, ya jawo matashi, ya miƙe ƙafa, ya yi barcin da yake nema tun farko.

Ya dakata a inda ya kamata injin ya yi tari. Daga can ɓangaren ba abin da ke zuwa sai ƙarar tsintsiyar Auta, tana sharar ƙarƙashin gado.