Sarƙar Babur ɗin Baba Tela

"Ba zan ɗaure ba, Kawu."

"Ke, da wa kike magana? Na ce ki cusa guntun ƙarfe a bayan ƙusar, ki matse, mutum ya kama hanyarsa."

Injiniya ba ta ɗago ba. Tana tsugune gaban tsohon babur ɗin maƙwabcinsu Baba Tela, hannuwanta dumu-dumu da baƙin mai. 'Yan layi ne suka laƙaba mata sunan nan don tsiya, tun da ta gama makarantar koyon sana'a ta shiga garejin kawunta da rigar aiki. Ta karɓi sunan ta riƙe gam, duk mai dariya ya gaji ya bari.

"Sarƙar taimin, ta cikin injin, ta gama miƙewa," ta ce. "Dubi ƙusar da ke matse ta, ta shige har ƙarshe, babu sauran zare. In na yi mata ciko ƙarar za ta ɗauke, amma a hanya za ta tsinke ko ta tsallake haƙori. Fistin ya doki bawul, injin ya cije, taya ta ƙame, ta watsar da tsoho a kan kwalta. Sai a ce wa ya gyara? Yarinyar nan."

Baba Tela na zaune a benci, ya haɗe gwiwoyi, rigarsa ta yi masa yawa. Ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari.

"'Yata, ni da babur ɗin nan tare muka tsufa. Kowa a cikinmu yana da abin da ke kwaramniya a ciki. Zuwa ɗaya kawai zan yi wajen yayata in dawo. Mota ba ta shiga can."

"Sabuwar sarƙa na zuwa sati mai zuwa, Baba. Ka yi haƙuri."

"Sati mai zuwa," ya maimaita a hankali.

Ta san halin Kawu, tana juya baya zai yi cikon da hannunsa. Don haka ta kwance ƙusar gaba ɗaya, ta goge ta da tsumma, ta jefa a aljihun rigarta a kan idon kowa.

"Kai! Boko ya yi mana rana," in ji Kawu. "Yau an kama babur an ɗaure, ba kotu ba alƙali."

Baba Tela ya miƙe yana dafa bango. "Bar ta. Aikinta ta sani." Ya tafi gida a ƙafa, yana tsayawa jikin kowane turken lantarki.

Satin nan ta sha magana. Mai shayin bakin titi ya ce ta raina manya. Mahaifiyarta ta ce, "Mutumin da ya ɗinka miki kayan makaranta tun kina 'yar mitsitsiya, shi za ki hana abinsa?" Ita kuwa kanta a sama, tana ji a ranta cewa wata rana za su gode mata. Kullum da safe in ta wuce shagonsa sai ta same shi zaune bayan keken ɗinki, ƙafarsa a kan matakin amma ba ya takawa.

"Injiniya, ta iso?"

"Tukuna, Baba."

"To, Allah ya kawo."

Ranar da sarƙar ta iso, a nannaɗe cikin takarda mai maiƙo, ta taho da ita a hannu don ta nuna masa. Ta tarar da shagon a rufe, takalma jibge a ƙofar gida. Da safiyar nan ya cika.

Ta shiga ta durƙusa gaban matarsa. Ɗakin na warin magani. A kan ƙusa awon ɗinkinsa na rataye, hularsa a kan taga.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya, 'yar nan." Inna ta dubi takardar da ke hannunta. "Ita ce?"

Injiniya ta gyaɗa kai.

Inna ta ce, "Likita ya gaya masa tun watan jiya cewa ciwon ba na tashi ba ne. So ya yi ya je da ƙafarsa ya sallami yayarsa, ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu. Idonta ya tafi, ba ta iya fita. Na ce bari in je in gaya wa yarinyar nan gaskiya. Ya ce a'a, kar a sa ki yin aikin da kika san ba daidai ba ne saboda tausayi."

Injiniya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba sarƙar ce ta dame ta ba, a kan sarƙa har gobe tana da gaskiya. Nata babur ɗin lafiyayye yana jingine a gareji duk tsawon satin. Sau nawa ya tambaye ta, ita ko sau ɗaya ba ta ce, Baba, saurin me kake yi ba.

Washegari ta ɗaura sarƙar. Ta juya ƙusar a hankali har ta taɓa, ta kulle da noti. Kawu na tsaye a kanta, shi ya miƙo mata sifana. Ba ta tayar da injin ba. Turo babur ɗin ta yi ta bi layi da shi, idonta a ƙasa, har tsakar gidan.

An kawo yayar, wata tsohuwa ƙanƙanuwa, an zaunar da ita a tabarma kusa da ƙofa. Ta ji motsin taya.

"Wane ne?"

"Mai gyara ce, Yaya," in ji Inna. "Ta kawo babur ɗinsa."

Tsohuwar ta miƙo hannu tana lalube. Injiniya ta matso da shi. Babur ya tsira, ba abin da ya same shi. Baba Tela kuwa ya tafi bai sallami yayarsa ba, kuma ita ce ta tare hanyar.

Yatsun tsohuwar suka sami kujerar, suka bi ta a hankali har inda zamansa ya lotsa ta, suka tsaya a wurin.