Cokalin Mai Agogo

Na miƙa wa dattijon maƙwabcina cokalin, ya karɓa da hannu biyu kamar abin da zai fashe. Na ce idan ciwon ƙirjin ya sake tasowa ya buga bango da shi, katifata tana jikin bangon, zan ji. Likita ya riga ya ce in ya taso a garzaya da shi asibiti, kar a jira.

"Kar in tashe ka," ya ce.

"Baba, ni da ba aikin fari bare na baƙi? Tashe ni."

Mai gyaran agogo ne, ɗakinsa manne da nawa a gidan haya. Yara suna ce masa Mage, don ba a jin tafiyarsa, sai dai ka juya ka gan shi a bayanka, takalma a hannu. Agogunan ɗakinsa duk ya cire musu batir. Ƙofofin gidan, har ta banɗaki, shi ke ɗiga musu mai. Idan murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai ya ƙame, ya kalli ƙofa, dattijo da furfurarsa yana ba da haƙuri kan abin da ba shi ya yar ba.

Ran Laraba da rana tsaka ina kwance, idona biyu. Ban ji komai ba. Da yamma na leƙa na same shi zaune a ƙasa, kafaɗarsa jingine da bangona, ya cije bakin rigarsa. Jikin ya yi sanyi. Cokalin na hannunsa, ya naɗe kan cokalin da tsumma ya ɗaure da zare. A bangon, wuri guda ƙura ta goge.

Washegari yayarsa ta zo, tsohuwa tukuf. Ta juya cokalin, ba ta yi mamaki ba. Ta ce babansu da rana yake barci, bel ɗin da yake dukansu da shi rataye a ƙusa, ko tari ba a yi. Ƙanen nata yana yaro ya taɓa faɗowa daga katanga ya karye a hannu, ya zauna bayan ƙofa yana cizon riga har uban ya farka. Duk wannan cikin raɗa take faɗa mini.

"Iya, baban naku yana raye?"

"Ya daɗe da rasuwa," ta ce, ta waiga ta kalli ƙofa.

Yanzu ƙofar gidan ta fara ƙara. In zan shiga da rana sai in ɗan ɗaga ta sama, in wuce ɗakin nasa a hankali, takalmana a hannu.