Sittin da Huɗu Cikin Tamanin

Ranar da aka liƙa sunaye a allon sanarwa, nawa ne na uku daga sama. Mu goma sha ɗaya ne, duk waɗanda zuwansu aji bai kai kashi saba'in da biyar cikin ɗari ba. Sabuwar doka ce, a shekarar aka kawo ta, kuma ta hana mu jarrabawar ƙarshe. Sauran suna iya maimaita shekara. Ni kuwa na riga na maimaita sau ɗaya, makarantar koyon aikin lafiyar kuma ba ta ba da dama ta biyu. Kora ce kawai aka yi wa kwalliya.

Ba fa yawon banza nake tafiya ba. Litinin da Alhamis da safe nake kai Baba wankin ƙoda, in zauna awa huɗu a kujerar roba da littafi a cinya, inji na ta ƙugi. Yayana direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba. To wa zai kai shi in ba ni ba?

Aka kira mu gaban kwamiti. Malamai biyar a bayan dogon tebur, fanka na ƙara a sama, mu kuma an jera mu jikin bango. Shugabar sashe ta ɗaga wata takarda.

"Ba mugunta muke muku ba," in ji ta. "A shekara ukun da suka wuce, ɗalibai ashirin suka faɗi. Sha shida a cikinsu masu fashin aji ne, takwas cikin goma ke nan. In na bar ku, kusan dukanku faɗuwa za ku yi."

Ni dai haƙuri ya yi min ƙaranci, kowa ya sani. Har na buɗe baki zan yi ɓaranɓarama, sai wata busasshiyar murya ta fito daga ƙarshen tebur.

"Cikin nawa?"

Malaminmu na ƙididdiga ne, wani siririn dattijo. Da wannan tambayar yake gasa mana gyaɗa a hannu a aji, har muka sa masa suna Malam Cikin-Nawa. Ni ce ma gwanar kwaikwayonsa, har da yadda yake tura tabarau da ɗan yatsa. Allah ya yafe min.

"Ranki ya daɗe," ya ce da Shugaba, "kin tara waɗanda suka faɗi, kin duba nawa ne masu fashi. Waɗannan ba su faɗi ba tukuna. Abin da muka sani a kansu shi ne sun yi fashi. Saboda haka a tara masu fashi, a duba nawa suka faɗi."

"Ai duk ɗaya ne, Malam."

"Duk mai naƙuda mace ce, ranki ya daɗe. Amma ba duk mace ke naƙuda ba."

Wata malama ta ƙunshe dariya. Shi ko a jikinsa. Ya sunkuya ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da tsofaffin rajistocin aji. Ashe tun da aka liƙa sunayenmu yake bin su layi-layi da fensir.

"Ɗalibai ɗari biyu ne," ya ce. "Tamanin sun yi fashi. Sha shida sun faɗi, sittin da huɗu sun ci. Da wannan dokar tana nan, da mun hana sittin da huɗun nan rubutawa."

Muka fara washe baki. Ya juyo ya watsa mana harara.

"Ku rufe min baki. Ɗari da ashirin ne suka zo aji, huɗu kacal suka faɗi. A wajensu, duk ɗaya da ya faɗi, ashirin da tara sun ci. A wajen irinku, duk ɗaya da ya faɗi, huɗu ne suka ci. Ninki bakwai ke nan har da ɗoriya. Fashi ba abin kirki ba ne."

Shugaba ba ta yi gardama ba, gaskiya a faɗe ta. Ta jawo rajista ɗaya ta buɗe, ta yi ta danna wayarta tana lissafi, sannan ta ce mu jira a waje.

Minti arba'in muka yi a baranda. Can ƙofa ta buɗe, Malam ya fito rungume da kwalinsa, katunan jarrabawa guda goma sha ɗaya a kai. Da ya miƙo min nawa, na durƙusa a siminti. Ni mai baki kamar reza, sai ga ni ina hawaye.

"Malam, na gode. Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa..."

"Tashi, 'yata, kina tare hanya," ya ce. "Ban fa ce za ki ci ba. A lissafina mutum biyu a cikinku na iya faɗuwa, ban kuma san ko su waye ba. Laraba ƙarfe tara ne. Wannan dai ki daure ki zo."

Tun ƙarfe bakwai nake bakin ƙofar ɗakin jarrabawa, kafin ma mai shara ta iso. Na ci, da ƙyar dai, amma na ci. Shekarata tara ke nan ina aiki a ɗakin gwajin jini, kuma wallahi har yau ban taɓa sallame sallah na tashi ban sa mutumin nan a addu'a ba.