Gardamar da ya bar mini

Maigidana, Baban Rumaisa, masunci ne a Argungu. Shi ke kamu, ni ke banda, shi kuma ke kai wa Iya Wuraola, wata Bayarabiya mai sayar da kifi a kasuwar Birnin Kebbi. Duk zuwan da zai yi sai sun yi gardama a kan kalmar wahala. Ita ta ce tasu ce, Hausawa aro suka yi. Shi ya ce ai wanda ya fi shan abu shi ke raɗa masa suna.

Da ya rasu, kowa ya koma yi mini magana a hankali kamar mai jinya. "Allah ya jiƙan bawan Allah, mutum mai haƙuri." Haƙuri? Mutumin da ke faɗa da kwalekwalensa? Sai na ji kamar wani suke nufi. Ni dai so nake in ji wani ya ambace shi yadda yake.

Da na fita takaba na ɗauki kwandon kifi na kai kasuwar da kaina. Iya ta riƙe hannuna, ita ma ta sassauta murya. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Iya, hanyar ga akwai wahala. Kalmarmu ta Hausa."

Ta ɗago kai. "Ke ma? Tun kakata tana goyo muke faɗinta a Ogbomosho!"

"Kakarki ta taɓa shiga gulbin Rima da gora?"

Wani tsoho mai albasa a gefe, Malam Abdussamadu, ya sa baki. "Ku duka baƙi ne. Na ji malamanmu na cewa daga Larabci take, asalinta firgita ce, irin wadda ke faɗo wa mutum ba shiri. Mu muka ja ta har ta kai ga gajiya da ciwo."

Ranar da aka shigo mini da labarin rasuwarsa, haka abin ya faɗo mini.

Iya ta buga cinya. "Shekara da shekaru! Ashe wannan mai taurin kan, mai bakin tsiya, kayan Larabawa yake hana ni! Kullum sai ya cinye mini gyaɗar da nake kasawa a gefe yana gardama, bai taɓa saya ba."

Dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Na jawo kujera na zauna.

Na ce, "Iya, ƙara faɗi. Mi da mi yay yi miki?"