Gwiwar Majid Ta Warke a Suwisra

Duk wanda ya san gidan 'ya'yan Malam Habu a unguwar Kudai ta birnin Makka ya san gwiwar Majid. Ba a gaishe shi a tsallake ta. "Ya gida, ya iyali, ya gwiwa?" Shi kuwa sai ya yatsine fuska, ya dafa ta kamar mai rarrashin jariri, ya ce, "Sai haƙuri."

Gidan bene ne mai hawa uku, an dasa shi a jikin tudu, matakalarsa a tsaye kamar tsani, ba kuma na'urar da ke hawa da mutane. Sun saye shi da diyyar gidan gadonsu na unguwar Jarwal, lokacin da aikin faɗaɗa Harami ya bi ta kansa. Da aka zo rabo, babbansu Mahmudu ya ce ƙasa na Asiya ne, don mijinta ya rasu, ga shi ta girmi Majid nesa ba kusa ba. A daren nan gwiwar ta fara. Washegari Majid ya zo yana ɗingishi, yana dafa bango. Asiya ta dubi ƙanenta ta ce a bar masa ƙasan, ita ta hau can sama kafin ya sami sauƙi. Mahmudu ya ce ta karɓi nasa na tsakiya, ta ce Allah ya kiyaye ta kai yayanta mai sanda ƙololuwa.

Yaran da aka haifa a shekarar har sun yi gemu, sauƙin bai zo ba.

Gwiwa ce mai wayo. Ta san lokacin aikin Hajji, in 'yan gidan za su tafi Mina ɗawainiyar alhazai sai ta kumbura. Ta san ranar da tukunyar gas ta ƙare. Ta san makara, ba ta yarda ya sa kafaɗa. Amma in an ce ana walima a Jarwal, sai ka ga ta lallaɓa ta kai shi har bakin faranti. Ita kuwa Asiya tsufa ya kama ƙafafunta da gaske. Saukowa ta zame mata tafiya, hawa ya zama yaƙi, har ta daina fita sai asibiti ko ta'aziyya. Matar Majid, Ummulkhairi, ita ke hawa kai mata abinci, kullum kuma da kunya take saukowa.

Ana nan sai ɗan Majid, Rakan, wanda aiki ya buɗe masa, ya ce bana ba za su sha zafin Makka ba, ba kuma Ta'if da aka saba gudun zafi za a je ba. Suwisra zai kai su, ƙasar nan ta Turawa da duwatsunta ke sanye da ƙanƙara ko da rani. Majid bai nemi shawarar gwiwa ba, ita ma ba ta ce komai ba.

Abin mamaki ba ya ƙarewa. Mutumin da aka haifa a tsakiyar duwatsu, ya buɗe ido da safe dutse, ya rufe da dare dutse, wanda ko dutsen Jabal Nur na nan Makka bai taɓa takawa ba, shi ne ya keta teku don kallon dutsen wasu. Na gida ba ya ƙamshi.

Sun sauka a wani ƙauye a gindin duwatsu. Ko'ina alluna ne masu ruwan ƙwai, kowanne da hanyar ƙafa da yake nunawa: wannan ta bi gefen tafki, waccan ta ratsa makiyayar shanu masu ƙararrawa a wuya, wata kuma ta miƙe sama har inda gajimare ke kwana. Tun da sassafe sai ka ga tsofaffin Turawa, mata da maza, kowa da sanduna biyu a hannu da jaka a baya, sun kama hanya.

"Me suka ɓatar a can sama?" in ji Majid.

"Ba komai, Abuya," in ji Rakan da 'yar Hausarsa da Larabci ya cinye rabi. "Suna hawa, suna gani, suna sauka. Khalas."

"Ba kabarin kowa? Ba masallaci?"

"Babu."

"Allah ya shirya."

Duk da haka, kafin azahar Majid ya sa Rakan ya saya masa sandunan, da takalmi mai ƙaton gindi, da hula mai baki. Ya tsaya gaban madubin kantin yana juyi. Daga nan suka shiga akwatin nan mai tafiya a jikin igiyar ƙarfe, telefirik, irin na Ta'if sai dai ya fi tsawo. Majid ya zauna ya runtse ido yana salati har aka sauke su a ƙololuwa.

Can sama sanyi ne mai shiga ƙashi. Tafki a ƙasa kamar an shimfiɗa shuɗin gyale, shanu sun koma kamar tururuwa. Masu hawa da ƙafa suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, fuska ja wur, suna haki, suna dafa allon da ke ƙarshen hanya ana ɗaukar su hoto. Majid na zaune kan benci yana shan shayi daga fulas ɗin Ummulkhairi sai wayarsa ta yi ƙara.

Sa'ud ne, abokin hirarsa kuma ƙashin wuyansa tun suna yara a Jarwal. Sa'ud ya yi ritaya, ba shi da aiki sai hawa Jabal Nur da asuba da kuma faɗa wa duniya ya hau. Shi ya laƙaba wa Majid suna Kujera. Ya turo murya a zauren waya na 'yan majalisarsu, inda kowa ke ji:

"Kujera! An ce kana Suwisra. To, ya kujerunsu? Sun kai na Kudai laushi?"

Dariya ta yi ta shigowa. Majid ya dubi wayar, ya dubi allon, ya dubi sandunansa sababbi fil. Ya miƙe. Ya sami wani ɗan taɓo ya tattaka har takalmin ya yi kama da na mai wahala. Ya zuba ruwan gora a tafi ya yayyafa a goshi da wuyan riga.

"Rakan, ɗauke ni."

"Abu Rakan," in ji Ummulkhairi, "magana zarar bunu ce fa."

"Ke dai zuba ido."

Ya dafa allon, ya buɗe baki yana hakin da ya aro, aka ɗauka. Ya tura, ya bi da murya: "Sa'ud, da ƙafata na hau. Tun daga gindi. Naka dutsen a nan ko tudun tururuwa ba za a kira shi ba."

Da suka dawo Makka, Mahmudu ya ce a yi azuma, wato walima ta barka da dawowa, kamar yadda aka saba yi wa matafiyi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa leda a falon Majid. Maza a falo, mata a ɗakin ciki, ƙofa a ɗan buɗe. An yi shinkafa da rago, an yi tsire mai ƙuli, ga gahawa da dabino. Tun kafin a tafi masallaci Asiya ta fara saukowa, tana hutawa a kowace kwana, don kada a ce ba ta zo taryar ƙanenta ba.

Majid ya jingine sandunan a inda kowa zai gani. Baki kuwa in ya sami masu saurare ba ya sanin birki. Dutsen da aka hau a hoto ya ƙara tsawo a falo. Hanyar ta ƙanƙance har sai da ta koma faɗin tafin hannu, rami a dama, rami a hagu. Wata saniya ta tare shi ya daka mata tsawa da Hausa ta kauce. Wata tsohuwar Baturiya ta gaji, shi ya ba ta dabino ya ƙarfafa mata zuciya. Rakan ya sunkuyar da kai yana ta tsiyaya gahawa a kofunan da ba su ƙare ba.

Sa'ud ya tsotse ƙashi ya ajiye. "Kujera, tsakaninka da Allah. An ce suna da telefirik a can."

"Akwai shi. Na ragwaye ne."

"Kai ba ka shiga ba?"

"Ni? Ina tafe yana wucewa ta kaina, ina ɗaga musu hannu."

"To gwiwar fa?"

Nan ne wurin da mai hankali zai yi tari ya nemi ruwa. Majid ya buga gwiwar da tafin hannu har ta yi ƙara. "Iskar can magani ce, ya shekh. Kwana biyu na nemi ciwo na rasa. Garau!" Ya miƙe ya durƙusa ya sake miƙewa a gaban jama'a, aka yi ta mashallah.

Mahmudu ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya goge gemu. Sannan ya gyara zama ya ɗaga murya yadda za ta kai ɗakin ciki.

"Alhamdu lillahi. Wallahi yau na fi kowa murna. Shekara da shekaru muna roƙa wa gwiwar nan sauƙi, ashe maganinta na wajen Turawa. Asiya, kina ji?"

"Ina ji, Yaya," in ji murya daga ciki.

"Aron da kika bayar kin ce kafin ya sami sauƙi. To ga sauƙi ya samu, ga shaidu. Kada ki sake hawa benen nan. Yau a nan za ki kwana. Gobe yara su sauko da kayanki, su hau da nasa. Wanda ya taka dutsen Suwisra tun daga gindi, hawa uku ai wasan yara ne." Ya juya. "Ko ba haka ba, Majid?"

In baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Majid ya ji gwiwar ta motsa, a karo na farko ba da izininsa ba. Hanya biyu ce a gabansa, ba allo mai ruwan ƙwai da zai nuna masa ta uku. Ko ya ce akwatin igiya ya shiga, gumin nan ruwan gora ne, ya tsira da falonsa da ƙofarsa mai kallon titi. Ko ya riƙe dutsensa ya rasa ƙasa. Ya dubi Rakan, Rakan ya dubi butar gahawa. Ya saurari ɗakin ciki ko Ummulkhairi za ta kawo wani uzuri, ko tari ba ta yi ba. Sannan ya dubi Sa'ud. Sa'ud ya kishingiɗa, ya harɗe hannuwa a kan tumbi, bakinsa a shirye. Majid ya san in ya faɗi gaskiya yau, ko a makabarta Sa'ud sai ya ba masu ɗaukar makararsa labarin telefirik.

Ya juya wajen Mahmudu. "Yaya, ai ka riga ni ne. Dama abin da nake shirin faɗa ke nan."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Mahmudu. Daga ciki wata ta rangaɗa guɗa.

Washegari aka yi ta hawa da sauka da katifu. Majid ya ja Ummulkhairi gefe yana huci. "Ke ba ki iya cewa komai ba? Ke ma fa hawan nan za ki riƙa yi."

"Ni ai na daɗe ina yi, da tire a hannu," ta ce. "Kai ne baƙo. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Yanzu sau biyar a rana ana jin ƙwas, ƙwas a matakalar gidan, sandunan Suwisra ne ke aiki. Gwiwar kuwa, wadda aka yi shekaru ana yi mata ƙazafi, ta tashi ramuwa. Ciwo take da gaske, irin mai hana barci, ba kuma wanda zai gaya wa. Sa'ud ya riga ya sanar wa majalisa cewa da zarar zafi ya sauka, shi da gwanin Suwisra za su hau Jabal Nur tare.

Asiya ta sa an ajiye mata kujera a bakin ƙofarta, tana shan iska tana gaisawa da maƙwabtan da ta yi shekaru ba ta gani ba. Wata la'asar Majid ya dawo daga masallaci, ya tsaya a gindin matakala yana kallon sama kamar mai kallon hisabi.

"Ɗan'uwana, ya gwiwa?" ta ce.

Hannunsa ya tafi zai dafa ta, ya tuna, ya mayar. "Garau, Yaya."

"Madalla. Af, na manta ban tambaye ka ba. Hoton nan naka mai kyau, Yaya Mahmudu ya nuna mini tun kana can. Wata igiya ce muka gani a bayanka, doguwa, da wani akwati a rataye. Shanyar Turawa ce?"

Majid ya gyara riƙon sandunansa, ya ɗora ƙafa a matakala ta farko.