Saiwar Dutse a Gindin Rijiya

Rijiyar gidan su Mikail a Jakara ta girmi duk wanda ke cikin gidan. Kakan Mikail ne ya haƙa ta, shekarar da ya zo daga Borno fataucin kanwa ya zauna. A bazarar bana ta ƙafe ƙaf, guga ya koma fitowa da taɓo, sai Hajiya Nana, mahaifiyar Mikail, ta sa aka kira Ashafa mai haƙar rijiya ya yashe ta, ya ƙara mata zurfi.

Ashafa ya yi kwanaki yana shiga yana fita, abokan aikinsa biyu suna jan ƙasa da bokiti. Ran nan da hantsi ya fito sharkaf da gumi, ya ce, "Hajiya, mun tarar da dutse. Diga ba ta cin sa, sai tartsatsi." Ya miƙo ɗan guntun da ya samu ya ɓantaro.

Mikail malamin sakandare ne, kuma ilimin duwatsu ya karanta a jami'a. Da yake Asabar ce yana gida, shi ya karɓi guntun. Ya zuba masa ruwan buta, sai ga layuka fari da baƙi sun fito a lanƙwashe, kamar zanen da aka matse bayan wanki.

"Hajiya, kin san mene ne wannan? Saiwar tsauni ce," in ji shi. "Tun babu mutum a bayan ƙasa, wasu manyan ɓangarorin ƙasa suka matso suka gamu a nan, nesa da teku. Matsin ya tura ƙasa sama ta zama tsaunuka, irin waɗanda in an ajiye Dala a gefensu sai ta zama kamar shuri. Can ƙasa kuwa zafi da nauyi suka tausasa dutse har ya nannaɗe. Ruwa da iska suka cinye tsaunukan a hankali, gindin kawai ya rage. A kansa muke zaune."

Hajiya Nana ta juya guntun a hannu, ta ce, "Allah Mai iko. To, ruwa fa?"

Mikail bai ji ta ba. Shekara da shekaru yana koyar da wannan abu da hotunan wasu ƙasashe, ashe yana nan a tsakar gidansu. Ya ce zai sauka ya ɗauko hoto ya nuna wa ɗalibansa. Ashafa ya ce ai ba komai, shi da yake wuni a ciki. An yi ruwan farko da asuba, bakin rijiyar ya jiƙe, amma babu wanda ya kawo wani abu a ransa.

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya fara sauka yana taka ramukan bango. Tun bai yi nisa ba ya ji hayaniyar unguwa ta ɗauke, iska ta yi nauyi, tana warin taɓo. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya ɗaga kai, bakin rijiyar bai fi faifai ba. Ya kunna fitilar waya. Ga dutsen nan a gefe guda, inda Ashafa ya ƙwaƙule ruɓaɓɓen ɓangarensa ya bar ɗan kogo. Mikail ya durƙusa ya cusa kansa ciki, yana bin layukan da yatsa.

Sai ya ji ƙasa tana zubo masa a baya kamar yayyafi. Kafin ya juya, wani abu ya yi gurnani a sama, nauyi ya danne shi, haske ya ɓace.

Bai san tsawon lokacin da ya yi yana tari ba. Wani ɓangare na bangon sama ne ya zabtaro. Kansa da kafaɗarsa ɗaya suna cikin kogon, dutsen ya tare musu, sauran jikinsa kuwa ƙasa ta riƙe shi har ƙirji. Wayar ta tafi. Ya yi ƙoƙarin motsa ƙafa, sai ya ji kamar ba tasa ba ce. Duk numfashin da ya fitar, ƙasar ta ƙara matsowa ta cike wurin, wanda zai ja ya fi na baya gajarta.

Ya kama salati a zuci, yana kaiwa tsakiya sai ya rikice ya sake daga farko.

"Malam Mikail, kana ji na?" Muryar Ashafa ce daga can sama, ƙarama kamar daga wata unguwa.

"Ina ji."

"Kada ka motsa. Kada ka ja igiyar, ta maƙale a ƙasa. Ina zuwa."

Zuwan bai zo da sauƙi ba. Duk wanda ya matso bakin rijiyar, sai ƙasa ta sake zubowa, Mikail ya ji ta tana sauka a kan tulin da ke bayansa. Ya ji Ashafa yana korar mutane, ya ji ana jan wani abu mai nauyi. Maƙwabta ne suka ciro azara daga wani kango suka gitta a bakin, don a zura Ashafa ta tsakiya ba tare da ya taɓa bango ba.

A nan ne Mikail ya fara jin sanyi a idon sawunsa. Da farko ya ɗauka mutuwar ƙafa ce. Da sanyin ya hau ƙwauri, ya gane ruwa ne yake tsattsafowa. Dutsen da kumatunsa ke jingine a kai sanyi ƙalau, ya tuna shi da kansa ya gama faɗin irin nauyin da ya lanƙwasa shi, sai hawaye suka zubo masa.

"Mikailu." Hajiya Nana ce, muryarta a tsaye kamar tana kiran sa cin abinci. "Ina nan, ban tafi ko'ina ba. Ka bi ni." Ta fara karanta Ƙulhuwallahu a hankali, tana tsayawa bayan kowace aya har sai ta ji ya maimaita.

Ashafa ya iso yana lilo a igiya, fitila a goshi. Bai taka tulin ba. Da ƙoƙo da hannu ya riƙa kwashe ƙasar yana cika bokiti, ana ja, ana dawo da shi. Sau ɗaya wani dunƙule ya faɗo ya bugi kafaɗarsa, su biyun suka yi tsit suna jiran sauran, bai zo ba. Da ƙirjin Mikail ya fita, ya ja numfashin da ya sa shi kuka kamar jariri. Ruwan ya kai gwiwa lokacin da Ashafa ya zura masa sabuwar igiya a ƙarƙashin hammata, ya ce a ja.

An kusa la'asar aka kwantar da shi a tabarma, tsakar gida cike da mutane. A asibiti aka ce ƙashin ƙafar hagu ya tsage, sauran buguwa ce.

Hajiya Nana ba ta jira shawarar kowa ba, ta sa aka cike rijiyar aka shafe wurin da siminti, gidan ya koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Ƙafar ta warke kafin kaka. Barci ne ya daɗe bai dawo ba: da zarar an rufe ƙofar ɗaki sai ƙirjinsa ya ɗaure, dole ya jawo katifa zuwa soro, inda yake jin motsin masu wucewa. Ashafa ya zo duba shi wata Juma'a, ya tarar da shi a can, ya zauna bai tambayi dalili ba. Da zai tafi ya ce, shi ma bai sake karɓar aikin tsohuwar rijiya ba tun daga ranar.